Idan Allah ya riga ya san Adamu zai ci, me ya sa ya dasa itacen?

Malamin Lahadi, Zuru:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan darasin Farawa sura 2 da 3 na ajin matasa, 'yan shekara 15 zuwa 20, yawancinsu masu shirin baftisma. Tambayar da ke tasowa ita ce: Allah ya san Adamu da Hawwa'u za su ci 'ya'yan itacen tun kafin ya halicce su, ko bai sani ba? In bai sani ba, ina saninsa na kome? In ya sani, ina zaɓinsu yake, kuma don me ya dasa itacen a tsakiyar gona ya bar maciji ya shiga? Wasu sun ce wannan tarko ne ƙiri-ƙiri. Sai kuma masu ido su kawo Yakubu 1:13 inda aka ce Allah ba ya jarabtar kowa, su ajiye shi kusa da Farawa 22:1 inda ya gwada Ibrahim.

Amsar "asirin Allah ne" ba ta shiga kunnensu, abokansu na makaranta kuma sun riga sun ce musu ai ƙaddara ce kawai. Ta ina ake farawa, kuma wace amsa ce ba za ta rushe ba in yaro mai wayo ya taɓa ta?

Baba Fasto, Gusau:

Malam, sannu da aiki. Kada ka fara da muhawara. Ka sa su buɗe Littafi Mai Tsarki su karanta Farawa 2:8 zuwa 3:24 da bakinsu, domin rabin rigimar tana fitowa ne daga abubuwan da ba su cikin nassin. Babu tuffa a wurin, 'ya'yan itace kawai aka ce. Farawa ba ta kira macijin Shaiɗan ba, ta sa shi cikin halittun jeji da Ubangiji Allah ya yi. Wahayin Yahaya 12:9 da 20:2 ne suka haɗa sunayen biyu. Babbar cikinsu kuwa, waɗannan surori biyu ba su ce uffan a kan abin da Allah ya riga ya sani ba. Wannan koyarwa daga wasu wurare muke ɗauko ta: Zabura 139:4 da 16, Ishaya 46:10, da 1 Bitrus 1:20 inda aka ce an riga an san Almasihu a matsayin Ɗan Rago tun kafin kafa duniya. Wannan aya ta ƙarshe ita ce ta rufe ƙofar "bai sani ba", domin ba a tanadin magani ga cutar da ba a san za ta zo ba.

Daga nan ka raba allo biyu. Hagu ka rubuta 2:16-17, dama ka rubuta 3:1-5, ka bar su su nemo bambancin da kansu. Umarnin Allah ya fara da kyauta: ka ci daga kowane itace a sake, sai ɗaya. Maciji ya juya shi ya mai da shi hani gaba ɗaya, ya tambaya ko da gaske Allah ya hana su cin kowane itace. Matar ta gyara masa, amma a gyaran nata abu uku sun motsa. Ta bar kalmar "kowane" da ke nuna yalwar kyautar. Ta ƙara "kada ku taɓa", wanda babu shi a 2:17. Ta kuma sassauta gargaɗin, daga "lalle za ka mutu" zuwa "don kada ku mutu". Sai da maganar ta yi laushi haka ne maciji ya fito fili a aya ta 4 ya ƙaryata Allah kai tsaye. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ake gani ko a fassarar Hausa: mai ba da labari yana cewa "Ubangiji Allah" tun daga 2:4, amma a hirar maciji da matar "Allah" kawai ake cewa. Sunan alkawari ya ɓace daga bakinsu.

Za su tambaye ka batun "a ranar da ka ci za ka mutu", alhali Farawa 5:5 ta ce Adamu ya yi shekara 930. Ka kai su 1 Sarakuna 2:37, inda Sulemanu ya yi wa Shimai gargaɗi da irin wannan ginin jimla, cewa ranar da ya haye rafin Kidron lalle zai mutu. Shimai ya tafi Gat ya dawo kafin a kashe shi. Ma'anar ita ce daga ranar hukuncin ya tabbata a kanka. A Farawa 3:22-24 an tare hanyar itacen rai a wannan lokaci, mutuwa ta fara aikinta ke nan.

Batun tarko. Ka tambaye su yadda ake ɗana wa gafiya ko zomo tarko, yaran Zuru sun fi ka sani. Ana ɓoye shi, ana sa abincin da yunwa za ta ja dabbar zuwa gare shi, mai ɗanawa kuma burinsa dabbar ta faɗa. Itacen ba a ɓoye shi ba, an nuna shi an faɗi sunansa da abin da zai biyo baya. Yunwa babu, gona cike take. Saura na uku, wato nufin mai dasawa, kuma a nan ne ainihin tambayar take. Kada ka yi kamar biyun farko sun amsa na ukun.

Katikis, Yelwan Yauri:

Baba Fasto ya share fili, bari in ɗora a kan sani da zaɓi, domin Ikkilisiya ta daɗe da wannan magana.

Agustin, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya amsa ta da misalin tuni. Ka tuna abin da ka yi jiya, kuma tuninka daidai ne, amma ba tuninka ne ya sa ka yi shi ba. Haka rigyasanin Allah yake ga abin da zai zo: yana daidai da abin, ba shi ne ya tura shi ba. Bowetiyus, wanda ya yi rubutunsa a kurkuku a Italiya wajen shekarar 524 yana jiran kisa, ya ƙara wani mataki. Ya ce kalmar "riga" ma tamu ce, mu da muke cikin jiya da yau da gobe. Allah ba ya hangen gobe daga yau, duka zamanai a gabansa suke a lokaci guda. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ba da hoton mutum a kan tudu yana ganin duka matafiya a hanya, alhali wanda ke cikin ayarin ba ya ganin na bayansa. Ku mutanen Zuru ba ku rasa duwatsu ba, misalin zai zauna musu.

Amma abin da ya fi amfani a aji shi ne a nuna musu inda kalmar "dole" take zama. Rubuta jimla biyu:

Dole ne in Allah ya san Adamu zai ci, to Adamu zai ci.

In Allah ya san Adamu zai ci, to dole ne Adamu ya ci.

Kunne yana jin su ɗaya, amma ba ɗaya ba ne. Ta farko gaskiya ce, kuma abin da take faɗa kawai shi ne sanin Allah ba ya kuskure. Ta biyu ta ɗauke dolen daga kan dangantakar sani da aiki ta ɗora shi a wuyan Adamu, kamar an ɗaure masa hannu. Gwada ta da abu na kusa: in ina ganinka zaune a kan benci, ba zai yiwu ina ganinka zaune kuma kana tsaye ba. Amma ba idona ne ya zaunar da kai ba, kuma da ka miƙe, da tsayuwarka na gani. Da Adamu ya ƙi ci, da abin da Allah ya sani tun fil azal shi ne Adamu zai ƙi. Duk gardamar "ya sani, saboda haka ba zaɓi" tana rayuwa ne a kan zamewa daga jimla ta farko zuwa ta biyu ba tare da an lura ba.

Nassin da ya fi nuna wannan shi ne Luka 22:31-34. Yesu ya faɗa wa Bitrus adadin musun da zai yi, sau uku, da lokacin, kafin zakara ya yi cara. Duk da haka a aya ta 61 da 62, da Ubangiji ya juyo ya dube shi, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Bai ce ai an riga an faɗa ba. A cikin maganar guda Yesu ya ce ya yi masa addu'a, ya kuma gaya masa abin da zai yi bayan ya juyo.

Gargaɗi a kan misalai biyu da malamai ke so. Misalin malamin makaranta da ya san wane ɗalibi zai faɗi jarrabawa bai dace ba, domin nasa hasashe ne daga halin yaro, yana iya kuskure, kuma yana koya wa yara cewa Allah lissafi yake yi. Misalin kallon wasan ƙwallo da aka naɗa jiya ya fi shi, amma mai wayo zai ce maka ai sai da aka buga wasan kafin a naɗa. In ka kawo shi, ka faɗi gurguntarsa da bakinka kafin su faɗa maka.

Ɗalibin Tauhidi, Birnin Kebbi:

Baba Katikis, a gafarce ni, ba raini ba ne, amma amsar nan rabin hanya take kaiwa. Mutumin da ke kan tudu bai halicci matafiyan ba, bai shimfiɗa hanyar ba, bai haƙa ramin da ke cikinta ba. Allah kuwa shi ya yi Adamu, ya yi itacen, ya yi macijin, yana sane da inda abin zai ƙare, kuma ba wanda ya tilasta masa yin halittar. To ko mun yarda sani ba ya tilastawa, tambayar yaran tana nan: me ya sa ya ci gaba? Malam, in ka tsaya a "sani ba tilas ba ne" ka rufe littafi, wanda ya fi kaifin kai a ajin zai gane an kauce masa.

A nan ne Kiristoci suka rabu, kuma gara a faɗa wa matasa gaskiya cewa an rabu.

Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, a bugun ƙarshe na babban littafinsa na koyarwa a 1559, littafi na 3 sura ta 23, ya ce Allah bai tsaya ga hangen faɗuwar Adamu ba, ya tsara ta cikin shawararsa, shi da kansa kuma ya kira wannan hukunci abin tsoro. Shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta bi wannan layi a sura ta 3: Allah ya ƙaddara duk abin da ke faruwa, amma ba shi ne mafarin zunubi ba, kuma ba a yi wa nufin halitta fin ƙarfi ba. Ayoyinsu Ayyukan Manzanni 2:23 da 4:27-28, inda gicciye Yesu ya zama shirin Allah kuma laifin waɗanda suka yi shi a numfashi ɗaya, da Farawa 50:20 a bakin Yusufu. Inda wannan amsa ke ciwo: an faɗi cewa abu biyun gaskiya ne, ba a nuna yadda suka haɗu ba.

Arminiyus na ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1609, da mabiyansa da suka gabatar da ƙorafinsu a 1610, sun ce Allah ya sani ya kuma ƙyale, bai tsara ba. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a garin Dort na Holan daga 1618 zuwa 1619 ta ƙi ra'ayinsu, amma ya rayu, John Wesley ya ɗauke shi daga baya. Hujjarsu ita ce biyayyar da ba a iya ƙin yinta ba biyayya ba ce, ƙauna ma haka, saboda haka dole a sami wani wuri guda da mutum zai iya cewa a'a. Itacen shi ne wurin. Ciwon wannan kuwa: wanda ya ƙyale abin da yake da ikon hanawa, yana sane, ba a wanke shi da kalmar "ƙyale" kawai. Sai an nuna dalilin da ya isa.

Molina, wani limamin Katolika ɗan Sifen, ya fito da hanya ta uku a 1588. Ya ce Allah ya san abin da kowane mai zaɓi zai yi a kowane hali da za a iya sa shi, har da halin da ba zai taɓa faruwa ba. Nassinsa 1 Sama'ila 23:10-13 ne: Dawuda ya tambaya ko mutanen Kaila za su bashe shi ga Saul, Allah ya ce za su bashe shi, sai Dawuda ya bar garin, abin bai faru ba. Allah ya san abin da da zai faru. Matiyu 11:21 ma haka, a kan Taya da Sidon. Rigimar da wannan ta tayar a cikin Katolika ta kai har Paparoma Bulus na 5 ya rufe zaman a 1607 ba tare da ya ba kowa gaskiya ba, ya hana ɓangarorin kiran juna 'yan bidi'a. Ni wannan hanya ta fi kwanta mini, amma ita ma tana ƙara nauyin tambayar: in ya san duk yadda za ta kaya, don me ya zaɓi wannan duniyar?

Akwai kuma masu cewa zaɓin da ba a yi ba tukuna ba abin sani ba ne, ra'ayin da ya yi ƙarfi a Amurka daga 1994. Suna kafa hujja da Farawa 6:6, inda Allah ya yi baƙin cikin yin mutum, da 22:12, inda ya ce wa Ibrahim "yanzu na sani". Yana sauƙaƙa batun Adamu, amma sai ka rasa yadda za ka yi da zakaran Bitrus.

Abu ɗaya a kan kalmar ƙaddara, don ita ce ke rikita mu a Hausa. A bakin titi ƙaddara ita ce abin da ya faɗo maka ba da hannunka ba, haɗarin mota ko gobara, shi ya sa ake cewa ta riga fata. Kalmar Helenanci da ake fassarawa da "ƙaddara" sau 6 kawai ta fito a Sabon Alkawari: Ayyukan Manzanni 4:28, Romawa 8:29 da 30, 1 Korantiyawa 2:7, Afisawa 1:5 da 11. Duka a kan gicciye ne ko ceto da ɗaukakar masu bi, babu ko ɗaya da ke magana a kan cin itacen. Kuma Romawa 8:29 ta jera rigyasani da ƙaddarawa a matsayin kalmomi biyu dabam. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su ɗauki ƙaddara a matsayin uzurin mai laifi ba. Malamansu sun yi tasu muhawarar tsakanin Jabariyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi, da Ƙadariyya, masu cewa mutum ne mai samar da aikinsa, Ash'ariyya kuma suka tsaya a tsakiya da koyarwar kasbu, wato Allah ke halittar aiki, mutum kuma ya ɗauki alhakinsa da zaɓinsa. Inda muka bambanta da su a fili shi ne abin da laifin Adamu ya jawo wa zuriyarsa, wanda mu muke karantawa a Romawa 5:12-19. Yaron da ya ce "ƙaddara ce kawai" bai faɗi koyarwar kowane ɓangare daidai ba.

Ka duba tsarin bangaskiyar ikkilisiyarku, ko ECWA ce ko UMCA ko Baftis, ka koyar da matsayinta, amma ka gaya musu akwai sauran.

Mama Zumunta, Zuru:

'Ya'yana kun yi ƙoƙari, amma Malam minti 45 yake da shi, wani lokaci ma 30 in sujada ta ja. Sunayen nan duka ba za su shiga ba. Malam, raba shi Lahadi biyu. Ta farko nassi kawai, yadda Baba Fasto ya tsara: minti 10 karatu, minti 20 allon nan mai gida biyu, sauran a tattara tambayoyi a rubuce ba tare da an amsa ba. Ta biyu jimlolin "dole" na Baba Katikis, labarin Bitrus, sannan tambayar da ɗana na Birnin Kebbi ya tayar. Sunan mutum biyu ya isa, Agustin da wani guda.

Ba wanda ya taɓa Yakubu 1:13 da Farawa 22:1, bari in ɗauka. A Helenanci kalma ɗaya ce take ɗauke da gwaji da jaraba, ita ce a Yakubu 1:2 inda aka ce a yi farin ciki da gwaje-gwaje, danginta ne kuma a aya ta 13. Hausa ta yi mana gata da ta ba mu kalmomi biyu. Abin da ya raba su nufin mai yi ne. Mai gwaji yana so abin ya tsaya, kamar maƙeri da ke gwada bakin gatari kafin ya ba mai shi. Mai jaraba yana so abin ya karye. Abu ɗaya yana iya zama duka biyun a lokaci guda, Ayuba sura 1 da 2 ke nan, Matiyu 4:1 ma haka, inda Ruhu ya kai Yesu jeji Iblis kuma ya jarabce shi. A gonar Aidan umarnin gwaji ne, muryar da ta ce Allah yana yi muku rowa ita ce jarabar. Wannan wuyar ce ma ta sa Katolikan ƙasar Faransa suka sauya lafazin roƙon nan na Addu'ar Ubangiji a 2017, daga ma'anar kada ka sa mu cikin jaraba zuwa kada ka bar mu mu shiga cikinta.

Yakubu 1:14-15 ya ba da matakan, kuma kalmominsa na masu farauta da masu fatsa ne. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yauri ya san kifi ba ya haɗiye ƙugiya tsirara, sai an rufe ta da abin da yake so. Sha'awa ta ja mutum, ta yaudare shi, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Ka ajiye wannan kusa da Farawa 3:6 su gani: itacen yana da kyau don ci, yana da daɗin gani, abin marmari ne don samun hikima. Ko ɗaya cikin ukun ba mugun abu ba ne a kansa, 2:9 ma ta ce duka itatuwan gonar masu kyan gani ne masu daɗin ci. Sabon abu ɗaya shi ne na ukun, kuma maciji ne ya kawo shi. Wannan sashe ya fi amfanar ɗan shekara 17 fiye da duk muhawarar Dort, domin shi yake fama da shi ran Litinin. Ka rufe shi da 1 Korantiyawa 10:13 da Farawa 4:7, inda ko bayan faɗuwa Allah ya ce wa Kayinu zunubi yana fako a bakin ƙofa amma sai ya rinjaye shi.

Sannan don Allah kada ka bar samarin su mai da darasin na zagin mata, kullum can yake zamewa. Umarnin Adamu aka ba a 2:16-17, ba a yi matar ba sai 2:22. Maciji da jam'i yake magana, "ku", kuma 3:6 ta ce ta ba mijinta da yake tare da ita. Yana wurin, bai buɗe baki ba. Da Allah ya zo, shi ya fara kira a 3:9. Amsarsa a 3:12 ka sa su karanta a hankali: matar da ka ba ni. Laifin ya tura wa matar, ya kuma tura wa wanda ya ba shi ita. Wato mutum na farko da ya fara cewa ai Allah ne ya shirya abin, Adamu ne, kuma ba a karɓa masa ba. Ka lura kuma la'ana biyu ce kawai a surar, ta maciji a aya ta 14 da ta ƙasa a aya ta 17. Ba a la'anci mutumin ko matar ba, sai ma aka yi musu tufafin fata a aya ta 21.

Malamin Lahadi, Zuru:

Na gode iyayena, Allah ya ƙara basira. Mama, zan bi tsarin Lahadi biyun. Saura guda da na tabbata za ta fito: in a sama za mu kasance da 'yanci kuma ba za mu yi zunubi ba, ashe ana iya haɗa biyun. Me ya hana Allah ya fara daga can?

Katikis, Yelwan Yauri:

Wannan ita ce mafi wuya a cikinsu, Malam, kuma kada ka nuna musu kamar tana da sauƙi.

Agustin ya bambanta hali huɗu. Adamu kafin faɗuwa yana iya yin zunubi, yana kuma iya ƙin yi. Bayan faɗuwa mutum ba ya iya rabuwa da zunubi da ƙarfin kansa, a kan wannan ne aka yi rigima da Pelagiyus, wanda ya koyar cewa mutum yana iyawa, har majalisar ikkilisiya ta birnin Kartaj ta ƙi koyarwarsa a 418. Wanda alheri ya sabunta yana iya ƙin zunubi kuma. A ɗaukaka ba zai iya yin zunubi ba sam, Agustin kuma ya ce wannan ne 'yanci mafi girma, tun da Allah kansa ba ya iya zunubi kuma ba wanda zai ce ba shi da 'yanci. Ya ɗauki na ƙarshen a matsayin lada, na farkon kuma hanyar zuwa gare shi.

Me ya sa sai an bi hanya? Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa wajen shekarar 180, ya ce halitta sabuwa ba ta iya ɗaukar kammala a rana ɗaya, kamar yadda uwa take da tuwo amma jariri nono yake iya sha. A wurinsa Adamu yaro ne da aka yi don ya girma. Amincin da aka zaɓa aka riƙe har ya zama hali dabam yake da wanda aka zuba wa mutum bai san komai ba. Sai dai ka yi hattara, in ka matsa misalin yaro da yawa za su ce maka to don me aka hukunta yaro haka, kuma suna da hujja. Amsa ta biyu ita ce ta waƙar da muke rerawa a daren Ista, wadda ta kira laifin Adamu laifi mai sa'a saboda girman Mai Fansar da ya jawo. Katikisim na Katolika ya kawo ta a sakin layi na 412 tare da Romawa 5:20. Ita ma tana da haɗari a bakin matashi, shi ya sa Bulus bai bar maganar ta huce ba sai da ya tare ta a Romawa 6:1-2, inda ya tambaya ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya ce ko kaɗan. Duk ranar da ka karanta musu 5:20, ka haɗa da 6:1-2 a zama ɗaya.

Waɗannan dalilai ne da ke nuna abin ba wauta ba ne, ba su kai hujjar da ke rufe baki ba. Farawa ba ta faɗi dalilin dasa itacen ba, ka gaya musu haka kai tsaye. A nan ne Maimaitawar Shari'a 29:29, wadda ta ce asirai na Ubangiji Allahnmu ne, take da wurin zama, bayan an yi duk aikin da ke sama. In ka kawo ta a minti na biyar za su ɗauka gudu kake yi.

Baba Fasto, Gusau:

Ƙari kaɗan ga Lahadi ta biyu, in lokaci ya ragu. Ka sa ɗaya ya karanta Luka 3:38, inda jerin kakannin Yesu ya ƙare da Adamu, wani kuma ya ci gaba da 4:1-13 ba tare da tsayawa ba, domin rabon surori daga baya aka yi shi. Adamu yana cikin gona a ƙoshe, Yesu yana jeji bayan kwana 40 ba ci, jarabar farko kuma a kan abinci ce. Amsoshinsa uku duka daga Maimaitawar Shari'a suke, 8:3 da 6:13 da 6:16. Ka ba su aikin gida su rubuta waɗannan ayoyi uku kusa da amsar matar a Farawa 3:2-3, su kawo mako mai zuwa.